Zuma, Lemon Tsami Da Idona Na Hagu

Ina farawa da sunan Allah, wanda ya ba ni ido biyu kyauta bai karɓi ko sisi ba, ni kuma bayan shekara sittin da bakwai na duba madubi na ce launinsu bai yi mini ba.

Sunana Sale, amma a kara, wato kasuwar shanu ta Potiskum, in ka kira Sale ba mai waiwayowa. Sikeli ake ce mini. Na fi shekara arba'in ina dillanci. In na zagaya sa sau ɗaya na faɗi naman da zai yi, mahauci ya je ya yanka ya dawo yana rantsuwa cewa da aljanu nake aiki. Ba ni da gona, ba ni da shago, ko akuya mai tari ba a taɓa cewa tawa ce a kara ba. Ido ne jarina. Karatuna kuwa aji biyu ne na yaƙi da jahilci, shi ma na zauna ne don malamin yana ba da labari mai daɗi. Saboda haka in kun ga rubutun nan yana hawa yana sauka, ku yi haƙuri, mai ido ɗaya ne ya yi shi, kuma ko lokacin da yake da biyu ba gwani ba ne.

Mai ɗakina ta rasu shekara shida ke nan. 'Ya'ya uku Allah ya ba mu, biyu suka koma tun suna goye, saura Dije, tana aure a Kano. Tun ranar sadakar bakwai take cewa in tattara in koma wurinta, akwai ɗaki a zaure. Ni kuwa na san ɗakin zaure. Nan ake ajiye tsoho da tsohon keke, kowa ya wuce ya ce sannu. Kullum amsata ɗaya ce: muddin idona yana ganin sa, a Potiskum zan ci tuwona. Ta gaji ta saya mini babbar waya, ta ce aƙalla duk Juma'a ta riƙa ganin fuskata.

Dije tana da 'ya, Ummi, shekararta biyar, sunan mai ɗakina aka sa mata. Kun san wasan kaka da jika. Matata ce, ni mijinta. Duk Juma'a bayan la'asar nakan sa hula mai kyau, in zauna a bakin ƙofa inda haske yake, in jira waya ta yi ƙara. Ba zan ɓoye muku ba, daga Asabar zuwa Alhamis jiran Juma'a nake yi.

Matsalar ita ce ina da abokin takara. Kakanta na wajen uba, Alhaji, gida ɗaya suke, kullum tana kan cinyarsa. Fari ne tas, ya yi aikin ofis har ya gama, rana ba ta san goshinsa ba, idonsa kuwa irin na mage, ruwan zuma. Ni nawa idon kun san na mutumin kara: farin ya zama ja, baƙin kamar gindin tukunya.

Wata Juma'a bayan ƙaramar Salla, Ummi ta kawo fuskarta dab da waya ta ce, "Na sake ka."

Na ce, "Subhanallahi! Amarya, me na yi? Cefane ne bai isa ba?"

"Idonka ja ne, irin na sa. Na Alhaji ya fi kyau. Shi zan aura."

Na ji Alhaji yana dariya daga gefe, yana cewa, "Malam Sale, a yi haƙuri, kasuwa ta yi halinta."

Na ce, "Alhaji, ciniki bai faɗa ba tukuna. Amarya, ki ba ni zuwa babbar Salla. In kin zo Potiskum za ki ga ido."

Muka yi dariya, aka kashe waya. Da mai hankali ne da maganar ta ƙare a nan. Amma gidan da babu kowa, magana ba ta da wurin zuwa, sai ta zauna tare da kai. Na ci tuwo da ita, na yi alwala da ita.

A cikin wayar nan akwai mutane iri-iri masu koyar da abin da ba a tambaye su ba. Na taɓa wucewa ta kan wata mata mai cewa zuma da ruwan ɗumi suna wanke ido, farin ya yi fari, baƙin ya washe ya koma ruwan ƙasa. Har hotuna ta nuna, ga kafin, ga bayan. Ni da na shekara arba'in ina ganin yadda ake ɗura wa ramammen sa ruwa da kanwa ya kumbura kafin mai saye ya iso, ni ne na ga hoto na yarda. Na nemo ta, na saurare ta sau uku. Na ce ai zuma waraka ce, kowa ya sani. Abin da ban tambaya ba shi ne, waraka ce ga mai ciwo, to ni ciwon me nake yi?

Makon farko da na biyu zuma ce kawai. Na haɗa a wata tsohuwar kwalbar turare, na ɗauraye ta da ruwan randa, na ajiye a taga. Safe da yamma ina ɗigawa da tsinken tsintsiya. Akwai zafi, amma matar ta ce zafin shi ne aikin. Ƙudaje suka san ni. In ina tsaye a kara sai su bar shanu su dawo fuskata. Jauro Buba, abokina Bafulatani da ya bar daji ya zauna a gari, shi ne ya fara lura. Kaɗo yake ce mini, yadda suke kiran duk wanda ba nasu ba.

"Kaɗo, me ka ci ne ƙuda ya fi son ka da kashin shanu?"

Na ce, "Farin jini ne, Jauro. Ba a sayar da shi a ruga."

Mako na uku na duba madubi, ido yana nan yadda uwata ta haife shi, sai ƙarin ja. Na koma wurin matar waya. A ƙarƙashin maganarta wani ya ce a ƙara lemon tsami, ya fi sauri. A nan ne dillancina ya yi mini rana guda ɗaya tak: ba a zuba kaya duka a hannun mai saye ɗaya. Na ce bari in gwada a na hagu, na dama ya tsaya shaida. Wannan wayon ne ya sa yau nake iya rubuta muku wannan.

Ɗigo biyu na lemon tsami, na ga taurari da rana tsaka. Na yi tsalle na buge randa, na yi salati da ƙarfi har maƙwabciyata ta yi sallama ta katanga tana tambaya ko kunama ce. Na ce e, kunama ce, na kashe ta. Washegari na sake, don ni ba a san ni da barin ciniki a tsakiya ba. Kwana huɗu ina yi. Ido ya kumbura, yana ruwa, da safe sai na jiƙa kwantsa kafin ya buɗe.

Na je wani kemis na ce ina son maganin jan ido. Bai tambaye ni komai ba, ni ma ban faɗa masa komai ba, muka rabu kowa yana ganin ya yi wayo. Ya ba ni wata 'yar kwalba. Jama'a, kwana biyu ido ya yi fari fat, zafi ya kwanta. Tun ina saurayi ban ga farin idona haka ba. Ranar Juma'a na sa hula, na gwale ido a gaban waya.

"Amarya, duba nan. Yaya kika gani?"

Ta duba, ta karkata kai. "Tsakiyar har yanzu baƙi ne."

Dije ta karɓi wayar ta ce, "Baba, me ya sa idonka yake ƙyalli haka?"

Na ce, "Ƙuruciya ce take dawowa."

A ranar na koma wa lemon tsami, ina bin sa da maganin kemis don ya kashe zafin.

Mako na biyar wani ɗan farin ɗigo ya fito a kan baƙin idon, kamar ƙwayar gero. Wallahi murna na yi. Na ce ga shi an fara, daga nan zai bazu. Sai dai haske ya zama abokin gaba, in na fito rana kamar ana soka mini allura har cikin ƙeya. Ranar kasuwa na ja hula na rufe gefen. Jauro ya kama haɓata ya juya ni, kamar yadda yake duba haƙoran maraƙi.

"Kaɗo, wannan hakiya ne. Shanuna yana yi. Kwana uku ina warkar da shi."

Maganin nasu na sani, na sha gani: a daka sukari da ɗan gishiri ya yi laushi, a zuba a cikin kara mai rami, a buɗe idon saniya a hura. Na sha riƙe ƙaho ana yi. Ban taɓa tambayar saniya yadda ta ji ba. Muka zagaya bayan wata tirela, na tsuguna, Jauro ya cika kumatu ya hura.

Ba zan iya rubuta wannan zafin ba, aji biyu bai kai nan ba. Abin da na sani, na farka a cikin keke napep, hulata a hannun Jauro, yana ta cewa, "Saniya ba ya suma, wallahi saniya ba ya suma."

Da safe idon ya zama kamar an fasa ƙwai a ciki. Na tafi babban asibiti ni kaɗai. Na yanki kati, na bi layi tun hantsi. Kowa a bencin nan da mai riƙe masa hannu: wannan da ɗansa, wannan matarsa ce ta kawo shi, wata tsohuwa jikoki biyu suna yi mata fifita. Ni da sandata muka zauna. Da aka kira sunana ban ji ba, don Sale suka ce, sai da aka tsallake ni mutum shida. Bayan azahar na shiga. Ma'aikacin ido ya haska fitila, ya ja tsaki a hankali, ya ce, "Baba, wa ya rako ka?"

Na ce, "Ƙafata."

Ya ce gyambo ne a kan baƙin ido, kuma ya yi zurfi, ya fi ƙarfin kayan aikinsu. Ya ba ni magani na riƙon ƙwarya, ya karɓe kwalbar kemis ya jefa a kwando, ya rubuta takarda. "Kano za ka, asibitin ido. Gobe, Baba. Ba jibi ba."

To ga inda na yi babbar wautar, wadda ta fi zuma, ta fi lemon tsami, ta fi sukarin Jauro. Kano tana nufin Dije. In Dije ta gan ni da ido a naɗe, na san ba zan sake ganin kara ba, sai ɗakin zaure. Na ninke takardar na sa a ƙarƙashin tabarma. Na ce bari in ga abin da maganin nan zai yi tukuna.

Kwana takwas na yi a ɗaki, na toshe taga da buhu. Masu dubiya sun zo kwana biyun farko, kowa da nasa. Wani ya ce nonon mai jego. Wani ya ce tozali na asali. Wani ya ce jifa ce, abokan sana'a ne, har ya fara lissafa mini sunaye. Maƙwabciyata, Allah ya saka mata, kullum tana miƙo kunu ta katanga, ita ma ta ce in gwada ruwan albasa. Na ce, "Hajiya, idon nan ya ci zuma, ya ci lemo, ya ci sukari da gishiri. In aka ƙara albasa sai a kawo shinkafa." Daga kwana na uku ƙafa ta ɗauke. Ban ga laifin kowa ba, babbar Salla ta matso, kara ta cika, kowa yana neman nasa. Ina kwance ina jin tireloli suna wucewa a kan titin Kano, daga nauyin ƙararsu ina gane wadda ta yi lodi da wadda ba ta yi ba. Wannan ne lokacin da dillali yake tara abin da zai ci rabin shekara, ni kuwa ina kwance ina hira da ƙadangare.

Juma'a ta zo, waya ta yi ƙara. Na danna ta murya kawai.

"Baba, ba ma ganin ka."

"Gilashin ne ya fashe, saniya ta taka."

Ummi ta karɓa ta yi mini waƙar da aka koya musu a islamiyya. Na saurara da tsumma a kan ido, ruwa yana bin kuncina, ban san na ciwon ne ko na wani abu ba.

A kwana na tara na rufe idon dama don in gwada na hagun. Na ɗaga hannuna a gaban fuska. Ban ga yatsu ba, sai wani abu kamar inuwa a cikin ruwan koko. Amma ko a lokacin taurin kai bai sake ni ba: maimakon Kano, na hau motar Damaturu, don na ji akwai likitan ido a can. Ta Damagum muka bi, kowane rami a hanyar nan sai da ya gaisa da idona.

Likitar mace ce, ba ta wuce sa'ar Dije ba. Ta sa na ɗora haɓa a kan wani ƙarfe, ta daɗe tana leƙe. Sannan ta ajiye biro ta ce, "Baba, faɗa mini duk abin da ya shiga idon nan. Kada ka rage."

Na lissafa. Tana rubutawa, ba ta yi dariya ba sai da na zo kan karan Jauro, nan ta rufe baki da takarda.

"To me kake nema tun farko?"

Na ce, "Idon mage."

Ta dube ni, ta dubi furfurata. Na ce, "Likita, maganar mace ce." Ban ƙara ba, ita ma ba ta tona ba.

Abin da ta faɗa mini na riƙe shi kamar karatun allo, ga shi yadda ta ce: "Launin ido ba fenti ba ne da za a wanke. A can ciki yake, a bayan wani gilashi mai rai. Duk abin da ka ɗiga ba ya kai wa ga launin, sai dai ya ƙone gilashin." Ta ce zumar da ta kwana a taga cikin ruwan randa ƙwayoyin cuta ta tara, lemon tsami ya buɗe musu ƙofa. Maganin kemis ɗin kuwa, mai sa ido fari nan take, ta ce shi ya rufe bakin ciwon ya hana shi kuka alhali yana ci. Sai ta tambayi ranar da aka ba ni takardar Kano. Na faɗa. Ta ce, "Da ka je Kano a wancan makon, da muna maganar ceton gani. Yanzu maganar ceton ƙwayar idon muke yi, kada ta fashe."

Kwana biyar suka kwantar da ni. A ɗakin, in lokacin abinci ya yi, kowane gado sai ka ji ƙarar kwanuka. Wani Babarbare da ke gadon kusa da ni, da aka yi wa aikin yanar ido, ya lura ba mai zuwa wurina. Bai tambaye ni dalili ba, sai dai kullum ya ce wa matarsa, "Zuba biyu." Ban san sunan garinsu ba. Allah ya sani, Ya biya shi. Ma'aikatan jinya kuma wasu kamar 'ya'yanka, wasu kuwa in ka kira su sai ka ɗauka bashi ka zo nema. Tunkiyar da nake kiwo don layya ita ta tafi a kuɗin magani, har da igiyarta.

Aka sallame ni da kwalabe uku, wani a ɗiga duk bayan awa ɗaya. A nan na gano wani abu da ban taɓa sani ba: mutum ɗaya ba ya iya ɗiga wa kansa magani a idon da ba ya gani. Zuma da tsinke na iya, don a lokacin ina ganin tsinken. Yanzu kuwa sai ɗigo ya sauka a gira, ya sauka a kunci, ya shiga hanci. Rabin kwalba gemuna ya sha. Na zauna a tsakar gida da kwalba a hannu, na tuna mai ɗakina, yadda take cire mini ƙaiƙayi a ido da gefen mayafinta tana yi mini faɗa. Na kira sunanta sau ɗaya, a hankali, don kada maƙwabta su ce Sikeli ya fara taɓuwa.

Kwana na biyu da dawowata sai ga sallamar Jauro. Tun ranar keke napep bai zo ba, kunya ta hana shi. Ya tsaya a bakin ƙofa da ƙwaryar nono, ya kasa shigowa.

Na ce, "Shigo mana, likitan shanu. Ko ka zo ƙarasa na daman ne?"

"Kaɗo, ka bari. Ban yi barci ba tun ranan."

"To zo ka biya diyya. Ungo kwalba."

Ya karɓa, ya duba ta, ya dube ni. Sai ya maƙale kaina a hammatarsa, ya danne goshina da gwiwar hannu, ya gwale idon da babban yatsa.

"Jauro, mutum ne fa! Ba na harbi!"

"Yi shiru. Duk haka kuke cewa."

Ɗigo ya faɗa daidai tsakiya. Daga ranar, mako uku, mutumin nan yana barin shanunsa a hannun 'yan'uwa a tsakiyar kasuwar Salla, ya zo tun safe ya zauna har magariba. Ba ya karanta agogo, sai na sa waya ta riƙa ƙara. Hammatarsa kuwa, in Allah ya tambaye ni zan ba da shaida, ba ta san sabulu ba. Amma ban taɓa jin hannun da ya fi nasa sauƙi ba. In ya tafi gidan ya koma shiru, sai in ƙirga awannin da suka rage ya dawo.

Dije ta iso kwana biyu kafin Salla, ita da Ummi, ba ta san komai ba. Ta yi sallama ta shigo ta same ni a hammatar Jauro. Ba ta yi ihu ba. Ta ajiye jaka, ta durƙusa ta gaishe ni yadda aka saba, ta gaida Jauro, sannan ta ɗaga tabarma don ta kakkaɓe, takardar Kano ta faɗo. Ita ta yi makaranta. Ta karanta har kwanan watan.

"Baba, asibitin nan da gidana ko kuɗin mota ba a biya. Da ƙafa ake zuwa."

Na ce, "Na sani."

"Ni ce ba ka so ka gani?"

Ta shiga ɗakin uwarta ta rufe ƙofa, ta daɗe.

Ummi kuwa ta tsaya tana kallon farin bandejin. Na ce, "Amarya, kin ga abin da neman idon mage ya ja mini."

Ta ce, "Wace mage?"

Ta manta. Wallahi ta manta ta taɓa faɗa. Ta hau cinyata tana tambaya ina tunkiyar da na ce zan yanka mata. Saboda haka ina roƙon duk wanda ya karanta wannan kuma ya san mu, in yarinyar nan ta girma kada ya ce mata ita ce sila. Yaro ya yi wasansa ya wuce. Tsoho ne ya ɗauki wasa ya kai shi ɗaki ya rufe ƙofa.

Bayan Salla muka koma Damaturu tare da Dije. Likita ta ce gyambo ya warke, ƙwaya ta tsira, amma tabo ya rufe tsakiyar. Idon ya yi fari kam, ba ƙarya, har ya fi na Alhaji haske, sai dai ba ya ganin komai ban da bambancin rana da inuwa. Ta ce akwai aikin da ake yi a wasu manyan wurare, amma kada in sa rai sosai. Dije ta ce in bi ta. Na ce ina da ido ɗaya, kuma sa ɗaya ake dubawa a lokaci guda. Ba ta yi musu ba. Ta ce, "Ɗakin yana nan," ta hau mota.

To kafin in ƙarasa, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kada ka ɗiga wa idonka abin da aka yi don baki. Kada ka sayi maganin ido don kawai yana sa shi fari. Abin da ya yi wa saniya, ka bar wa saniya. In ma'aikacin asibiti ya ce gobe, to goben yake nufi. Kuma in kana zaune kai kaɗai, wata magana ta fara kwana tana tashi da kai, ka fita ka faɗa wa wani ya yi maka dariya tun da wuri. Na gode wa likitar Damaturu, da ma'aikacin da ya ce gobe, da maƙwabciyata mai kunu, da Babarbaren gado na kusa. Jauro kuwa mun yi kunnen doki: ya hura, ya ɗiga.

Makon jiya na koma kara. Aka taso ana ta oyoyo, wani mahauci yana ihu, "Sikeli ya dawo, amma an cire masa dutse ɗaya!" Na ji daɗi, na rama. Wani baƙo daga Kudu ya nuna wani jan bijimi ya ce in duba masa. Na zagaya shi sau ɗaya, ban gamsu ba. Na sake zagayawa. Sa yana nan a gabana amma kamar hoto a bango, tsawo ina gani, kauri ba na gani. Na matsa in taɓa da hannu, abin da ban taɓa yi ba a gaban mai saye. Ina shafa haƙarƙarinsa sai na ji iska ta wuce kunnena na hagu, hulata ta yi sama. Wani sa ne daga gefen ya kawo ƙaho. Ban gan shi ba sam. Da ya sauko da faɗin yatsa uku, da wani ne yake ba ku labarin nan.

Na tsaya kai ba hula, ina jiran tsiya. A kara in ka zame a kashin shanu sai an shekara ana yi maka waƙa. Ba wanda ya yi dariya. Mahaucin nan ya ɗauko hular, ya kakkaɓe ta, ya miƙo mini da hannu biyu ya ce, "Sannu, Baba. Zo ka zauna a inuwa."

Na zauna a inuwar har la'asar. Sannan na ciro waya na kira Dije, ba ranar Juma'a ba.

"Baba? Lafiya?"

"Lafiya lau. Ɗakin nan na zaure, yana da taga?"

"Yana da ita."

"In mutum ya kwanta, ta wane gefe take?"

Na ji takunta tana tafiya, na ji ƙarar ƙofa.

"Ta dama, Baba."

Na ce, "To, ki share shi."